Zauren Tambaya: Hasashen Super Bowl da Gardamar Bayan Wasa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo yawancinsu a kan Super Bowl ne, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL, inda zakaran ɓangaren AFC ke karawa da zakaran ɓangaren NFC. Mun zaɓi shida, masu kula da shafin wasanni suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Mu ƴan fada ne a unguwar Ali Ɗan Sofo. Ƙwallon ƙafa muka saba kallo, amma bana muna so mu zauna wa Super Bowl. Ƙarfe nawa ake take shi a agogonmu, kuma me sabon shiga zai riƙe don kada ya ɓace a hanya?
Daga wani matashi, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Tun 2022 ranar Lahadi ta biyu a watan Fabrairu ake buga shi, a take wajen 6:30 na yamma agogon gabashin Amurka. Awa shida ke tsakaninmu da su a wannan lokaci, ke nan 12:30 na dare, Litinin ta riga ta shiga a Maraɗi. A agogon wasa minti 60 ne kacal, kashi huɗu na minti 15, amma agogon tsayawa yake yi duk sanda jifa ya faɗi ƙasa ko aka ci maki, ga tallace-tallace, ga hutun rabin lokaci da yakan kai kusan rabin awa. Ku ƙaddara awa uku da rabi zuwa huɗu. Za a tashi wajen 4 na asuba cikin ɗari, sai ku tanadi bargo da gawayin shayi, ku cika batirin waya tun da yamma ko da za a ɗauke wuta.

Tsawon fili yadi 100 ne, wato mita 91 da ɗoriya, da gidan ci mai zurfin yadi 10 a kowane ƙarshe. Mutum 11 kowane gefe. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10. In ta cika, a sake ba ta huɗu. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokiyar karawa daga inda aka tsaya. Shi ya sa a yunƙuri na huɗu galibi ake dokan ƙwallon da ƙafa can nesa, don waɗancan su faro daga baya. Shigar da ƙwallo gidan ci, wato tacdawun, maki 6 ne, bugun da ke biye masa maki 1, ko kuma a sake neman shiga daga yadi 2 a samu maki 2. Bugun da ya ratsa tsakanin sanduna maki 3 ne. In aka kayar da mai ƙwallo a cikin gidansa, masu tsaro sun samu 2. A allon talabijin lambobi biyu za ku riƙa bi: yunƙuri na nawa ake, yadi nawa ya rage. Na uku da saura yadi 2 da sauƙi. Na uku da saura 9 kowa ya san jifa za a yi, kuma a nan masu tsaro ke samun ganima.

Tambaya: Kullum gardama muke yi. Abokaina sun ce ba sai an wahala ba, ƙungiyar da ke da gwanin mai jifa da yawan nasarori a kakar ita ke ɗaukar kofi. Ni ban gamsu ba, amma ba ni da hujja. Da me masana ke yin hasashe?
Daga wani ɗalibi, Tibiri

Amsa: Ɗan'uwa, rashin gamsuwarka na bisa hanya. Mai jifa, wanda ake kira kwatabak, shi ne mutum mafi muhimmanci a fili, a nan abokanka sun yi gaskiya. Sai dai duk ƙungiyar da ta tsallake sauran 30 ta kai wasan ƙarshe tana da mai jifan da za a iya dogara da shi, don haka sau da yawa bambancin yana wani wuri. Mu abin da muke fara dubawa shi ne ƙartin nan biyar da ke yi wa mai jifa katanga, da ƙarti huɗu na abokan karawa da ke neman fasa ta.

Dalilin lissafi ne. Mai jifa yana bukatar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin masu cafka su isa inda aka tsara musu. Mutum biyar kawai zai iya jefa wa. In masu tsaro suka iya takura shi da mutum huɗu, saura bakwai suna baya suna gadin biyar, duk inda ya duba a toshe. In huɗun ba su wadatar ba, dole koci ya ƙara na biyar da na shida, sai baya ta koma biyar da biyar, kowa da nasa, kuma gwanin mai jifa yakan hango inda aka bar ɓaraka tun kafin a miƙo masa ƙwallo. Karon da ake yi a wannan layi kokawa ce: wanda ya fi yin ƙasa, ya riga sa hannu a ƙirjin abokin karonsa, ya kafe ƙafa, shi ke tura ɗan'uwansa baya. Wanda ya saba kallon kokawar takobi zai gane mai rinjaye tun a kashin farko, in har ya ɗauke ido daga ƙwallo ya zuba wa layin.

Patrick Mahomes na Kansas City Chiefs ya isa misali, domin ba wanda ke shakkar gwanintarsa. A Fabrairun 2021 Chiefs ta shiga wasan ƙarshe babu masu gadin gefe biyu na katangarta, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, dukansu suna jinya. Tampa Bay ta yi ta korar Mahomes har aka tashi 31 da 9, Chiefs ba ta shiga gidan ci ko sau ɗaya ba, bugun maki uku-uku ne sau uku. A Fabrairun 2025 matsalar ta dawo ta gefen hagu, inda aka ɗauko Joe Thuney daga tsakiyar katanga aka kai shi gefe don toshe giɓi. Philadelphia Eagles ba ta ƙara mahari ko ɗaya a kan huɗunta ba, amma ta kayar da Mahomes sau shida kafin ya jefa. Yadi 23 Chiefs ta ci a duk rabin farko, aka tafi hutu 24 da 0, aka tashi 40 da 22. Cikin ƴan layin Eagles na ranar har da Moro Ojomo, haifaffen Legas. In ka ƙara komawa baya, Denver Broncos ta ci maki 606 a kakar 2013, Peyton Manning ya jefa tacdawun 55, amma tsaron Seattle Seahawks ya riƙe ta 43 da 8 a Fabrairun 2014. A 2008 New England Patriots ta zo da nasara 18 a jere, layin New York Giants, wanda Osi Umenyiora ke ciki, ya hana mai jifan Patriots, Tom Brady, sakat, aka tashi 17 da 14.

Yawan nasarori kuwa yana ruɗi. Ka tara makin da ƙungiya ta ci a wasanni 17 na kaka, ka ɗebe wanda aka ci ta, wannan rarar ta fi faɗin gaskiyar ƙarfinta. A kakar 2024 Chiefs ta yi nasara 15, Eagles 14, kai ka ce Chiefs ce gaba. Amma rarar Chiefs 59 ce, ta Eagles 160, kuma 11 daga nasarorin Chiefs da tazarar da ba ta wuce maki 8 ba aka same su. Cin wasa da ƙyar akwai iya sarrafa agogo a ciki, akwai kuma sa'a, ita kuwa sa'a ba ta alkawarin zuwa ranar ƙarshe.

Sai lafiyar ƴan wasa. Mako biyu ke tsakanin wasan zakarun ɓangarori da Super Bowl, kuma dole kowace ƙungiya ta bayyana wanda ya yi atisaye cikakke, wanda ya yi rabi, da wanda bai fito ba. Rahoton ranar Juma'a ya fi na Laraba amfani. Minti 90 kafin take wasa, wajen 11 na dare a nan, ake fitar da sunayen waɗanda ba za su buga ba. Kada ka kulle hasashenka kafin ka ga wannan. Mutane kan nemi sunan mai cafka ko mai gudu da ƙwallo, mu sunayen ƴan katanga da masu gadin baya muke fara nema.

Wannan hanya tana da inda take kasawa, kuma ya kamata ka san shi. Eagles ta kayar da masu jifa sau 70 a kakar 2022, amma a wasan ƙarshe na Fabrairun 2023 ko sau ɗaya ba ta kayar da Mahomes ba. Katangar Chiefs tana cikin ƙoshin lafiya a ranar, koci Andy Reid ya tsara gajerun jifa masu fita da sauri, filin kuma yana santsi, maharan gefe suna ta zamewa. Sannan akwai abin da ba mai iya hangowa: suɓucewar ƙwallo da cafke jifa. A wasan nan ƙwallo ya suɓuce wa mai jifan Eagles, Jalen Hurts, ba tare da wani ƙaƙƙarfan karo ba, Nick Bolton na Chiefs ya tsinta ya ruga gidan ci. Maki 7 ke nan a wasan da aka tashi 38 da 35.

Tambaya: Ni malamar lissafi ce. Ɗalibaina suna son mu yi hasashen ainihin makin da za a tashi, mu rubuta a allo. Akwai hanyar lissafawa, ko shaci-faɗi ne?
Daga wata malama, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Malama, akwai, kuma za ta yi wa ɗalibanki daɗin aiki. Ki fitar da matsakaicin makin da kowace ƙungiya ke ci a wasa, da wanda ake cin ta. Sai ki haɗa cin ƙungiya ta farko da abin da ake cin ta biyu, ki raba biyu. Ki yi haka ta ɗaya gefen. Ga kakar 2024: Eagles ta ci 463, an ci ta 303, wato 27.2 da 17.8 a kowane wasa. Chiefs ta ci 385, an ci ta 326, wato 22.6 da 19.2. Na Eagles: 27.2 da 19.2 a raba biyu, 23.2. Na Chiefs: 22.6 da 17.8 a raba biyu, 20.2. Lissafi ya ba da 23 da 20, Eagles a gaba.

Gyara biyu za ki yi. Ki cire wasan makon ƙarshe in ƙungiya ta hutar da manyan ƴan wasanta. Chiefs ta yi haka a waccan kakar, Denver ta ci ta 38 da 0, kuma wannan ya ɓata mata alƙaluma. In an cire shi, lissafin zai koma kusan 23 da 21. Na biyu, ki karkatar da sakamakon zuwa lambobin da ake iya haɗawa da 7 da 3, irin su 17, 20, 23, 24, 27, 31, domin tazarar maki 3 da ta maki 7 su suka fi yawan aukuwa a NFL.

Ki kuma nuna wa ɗalibai cewa lissafin ya dace da mai nasara amma ya yi nesa da 40 da 22. Kowace ƙungiya hari 10 zuwa 12 take samu a wasa, don haka asarar ƙwallo biyu ko uku tana rikita komai. Mahomes ya yi asara uku a ranar, ɗaya Cooper DeJean na Eagles ya cafke ya mayar gidan ci kai tsaye.

Tambaya: Yarana suna nuna mini wata lamba a waya, wai an ba ƙungiya kaza rinjayen maki ɗaya da rabi. Ina jin tsoron kada caca ce suke shiga.
Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari, Maraɗi

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, tsoronku yana da tushe. Gidajen caca ne ke fitar da lambar, kuma sa kuɗi a kanta caca ce, haramcinta ba ɓoyayye ba ne. Ku binciki yaran da kyau ku tabbatar ba sa tura kuɗi ta waya. Ita lambar tana nuna inda ra'ayin masu zuba kuɗi ya karkata, rabin makin kuma an sa shi ne don kada a yi kunnen doki. Ku gaya musu wannan: a 2023 Eagles aka ba rinjaye, a 2024 San Francisco 49ers, a 2025 Chiefs, kuma duka ukun sun sha kashi. In hasashe suke so, su rubuta a takarda a fada, a buɗe bayan wasa, ba tare da ko dala ta shiga tsakani ba.

Tambaya: Bayan kowane wasan ƙarshe sai ka ji ana cewa koci ne ya zubar da kofi. Yaya mutum zai bambanta kuskuren koci na gaske da abin da kawai bai zo da sa'a ba?
Daga wani mai karatu, Tasawa

Amsa: Malam, wannan tambaya ta fi duk sauran yi mana daɗi, domin a nan ake yawan zaluntar mutane. Kafin ka yanke wa koci hukunci ka rubuta abu huɗu kamar yadda suke a daidai lokacin shawarar: tazarar maki, lokacin da ya rage, yunƙuri na nawa da saura yadi nawa, da damar tsayar da agogo nawa kowane gefe ke da ita, domin uku-uku ake bayarwa a kowane rabi. Sannan ka rufe abin da ya faru daga baya, ka tambayi kanka wace shawara ta fi.

A Fabrairun 2015 Patriots na gaba 28 da 24, Seattle tana yadi 1 da gidan ci, yunƙuri na biyu, saura daƙiƙa 26, da damar tsayar da agogo ɗaya. Duniya ta ce a miƙa wa mai gudu da ƙwallo na Seattle, Marshawn Lynch, ya kutsa. Koci Pete Carroll ya zaɓi jifa, Malcolm Butler na Patriots ya cafke jifan Russell Wilson, wasa ya ƙare. Amma duba lissafin: yunƙuri uku suka rage, gudu in bai shiga ba agogo ci gaba yake yi, jifa in ya faɗi ƙasa agogo tsayawa yake. Da damar tsayarwa ɗaya, in ana son cin moriyar duka ukun dole ɗaya ya zama jifa. Mu a ganinmu yin jifan yana da hujja. Abin zargi shi ne irinsa: an cusa shi tsakiya cikin cinkoso, maimakon a jefa can kusurwa inda ko nasu ya cafka ko ƙwallo ya fita fili.

Na Atlanta Falcons a 2017 kuskure ne da ba ya bukatar a jira sakamako. Kowa na tuna yadda suka yi gaba da Patriots 28 da 3, amma inda aka zubar da wasan shi ne sanda suke gaba 28 da 20, saura ƙasa da minti biyar, suna yadi 22 da gidan Patriots. Tsawon bugun maki uku shi ne wurin da kake a ƙara yadi 17, ke nan kusan yadi 40, wanda mai bugu a NFL ya saba ci. Da sun yi gudu sau uku, sun cinye agogo ko sun tilasta wa Patriots ƙone damarta, sun buga, tazara ta zama 11, sai an ci sau biyu kafin a kamo su. Sai suka koma jifa. Aka kayar da mai jifansu Matt Ryan da asarar yadi 12, aka kama ɗan katangarsu da laifin riƙo, suka tsinci kansu a yadi 45, waje da inda bugu ke kaiwa. Patriots ta taso daga yadi 9 nata ta farke, ta kuma ci a ƙarin lokaci 34 da 28.

Na 2024 yana tsaka-tsaki. An cika lokaci 19 da 19, kuma dokar da aka fara aiki da ita a wasannin fitar da gwani tun kakar 2022 ta ba kowace ƙungiya damar riƙe ƙwallo a ƙarin lokaci. San Francisco ta ci ƙuri'a ta zaɓi farawa, ta samu 3. Chiefs ta karɓa tana sane da abin da take bukata, don haka da ta kai yunƙuri na huɗu da saura yadi 1 a nata ɓangaren fili, ba maganar dokan ƙwallo nesa, Mahomes ya ruga ya cika, aka ƙare 25 da 22. Kocin San Francisco, Kyle Shanahan, ya ce riƙon ƙwallo na uku yake hange, inda duk wanda ya fara ci ya ɗauki kofi. Hujja ce, amma mu mun fi karkata ga zuwa na biyu, domin wanda ya zo na biyu zai iya neman maki 2 bayan tacdawun ya hana a kai ga riƙo na ukun. Duk da haka mai adalci zai tuna cewa kafin nan an tare wa 49ers bugun maki 1, kuma ƙwallon da aka doko musu ya taɓa ƙafar ɗan wasansu Chiefs ta tsinta ta ci a yunƙuri na gaba.

Tambaya: Har yau ina jin haushin alƙalin wasan 2023. Ba shi ya miƙa wa Chiefs kofi ba?
Daga wani mai goyon bayan Eagles, Madarunfa

Amsa: Ɗan'uwa, haushin da hujjarsa, domin hukuncin ya kashe ƙarshen wasa mai daɗi. Ana 35 da 35, saura ƙasa da minti biyu, Chiefs na yunƙuri na uku da saura yadi 8 a yadi 15 na Eagles, jifa ya faɗi ƙasa, sai alƙali ya jefa tuta ya ce James Bradberry, mai tsaron Eagles, ya riƙe JuJu Smith-Schuster, mai cafkar Chiefs. Bradberry da bakinsa ya amsa bayan wasa cewa ya ja rigar. Abin da za a iya yi wa alƙalan ƙorafi a kai shi ne daidaito, wato ko haka suka riƙa hukunta irin wannan riƙo tun farkon wasa.

Nauyin hukuncin daga doka ya zo. Riƙon mai tsaro yadi 5 ne kawai, amma yana zuwa da sabon yunƙuri huɗu. Ba don shi ba, Chiefs za ta buga maki 3 ta bar wa Hurts fiye da minti ɗaya da rabi ya nemi ramawa. Da shi kuwa, agogo ya koma hannunta, tunda ana iya jan daƙiƙa 40 tsakanin yunƙuri da yunƙuri. Jerick McKinnon na Chiefs ya samu hanya a buɗe zuwa gidan ci, ya zube da gangan dab da layi don kada ƙwallo ya koma wa Eagles da sauran lokaci, aka durƙusa aka cinye agogo, Harrison Butker ya buga daga yadi 27 saura daƙiƙa 8.

In za ka raba laifi, ka haɗa da wannan: Eagles ta tafi hutu tana gaba 24 da 14, amma a rabi na biyu Chiefs ta kai hari huɗu ta ci maki a duka huɗun, jifan Mahomes ɗaya ne kawai cikin 14 bai isa hannu ba, Kadarius Toney kuma ya dawo da ƙwallon da aka doka masa yadi 65 har zuwa yadi 5 da gidan Eagles.